Inci Ɗaya da Kwata

Ƙarfe biyar da kwata na yamma, wata ranar Talata, na cire kwalbar daga kan turkenta. Na san lokacin domin na leƙa agogon Baba kafin in fita, kamar yadda ya koya mini in riƙa yi kafin kowane aiki. Shekaruna goma, saura shekara biyu a samu mulkin kai. Da na bar kwalbar nan da dattinta, da yau ba ni da abin rubutawa.

Ruwan farko na bana ne ya tayar mini da maganar. Ina zaune a baranda a nan Dutsin-Ma, ƙamshin ƙasa ya taso, masu keke napep suna ta rububin neman mafaka, sai jikata Ummi ta fito da waya a hannu ta ce, "Hajiya, waya ta ce gobe ma akwai ruwa."

Na ce, "Na yau nawa aka yi?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Nawa kamar yaya? An dai yi ruwa."

Da ta koma ciki, na jawo akwatina na ciro wani tsohon littafi mai baƙin bango. Ba sai na nemi shafin ba, da kansa yake buɗewa a wurin.

Mahaifina sunansa Haruna, amma tun daga Kurfi har ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Dutsin-Ma, babu mai kiransa sai Malam Saje. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙi ƙasar Bama, can bayan Indiya. Ya dawo da abu huɗu: tabo mai zurfi a ƙaurinsa na hagu, kunne ɗaya da ba ya ji sosai, agogon tebur, da karatun boko da ya koya a bariki. Daga baya ya yi kwas, aka ba shi aji a makarantar elementare a Kurfi. Yara suna tsoronsa suna kuma kwaikwayon tafiyarsa idan ya juya baya. Ba ya duka. Jan fensirinsa ne bulalarsa. Ko wasiƙa aka kawo masa ya karanta, idan ya ga kuskure sai ya ja layi a ƙarƙashi kafin ya mayar wa mai ita.

Ba ya son maganar yaƙi. Abin da kawai yakan faɗa shi ne ruwan ƙasar. Ya ce a can sai a yi wata guda sama ba ta rufe baki ba, takalmi ya ruɓe a ƙafar mutum, matsattsaku su shiga har cikin riga. A can ya ga wani ofisa yana auna ruwan sama kowace safiya yana rubutawa, abin ya shiga ransa. Da ya dawo gida, inda ruwa ke zuwa kamar baƙon da bai yanke shawarar kwana ba, sai ya haɗa nasa ma'aunin: kwalba mai faɗin baki, da mazurari a kanta, a cikin gwangwani da ya kafe a kan turke, a fili bayan gidanmu inda babu itace babu katanga. Yana da ɗan gilashi mai zane-zane da ake juye ruwan a ciki a karanta. Ƙarfe bakwai na kowace safiya ake dubawa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: idan ruwan farko bai kai inci ɗaya ba, ba ya shuka.

Da farko dariya ake yi masa. Sarkin Noman ƙauyenmu, wani tsoho mai barkwanci wanda ya yi wa Baba wasa tun yana yaro, idan ya wuce ƙofar gidanmu sai ya ɗaga murya: "Saje! Kwalba ta tashi daga barci? A gaishe ta, a ce mata mu mun tafi gona." Shi hanyarsa ita ce ta kowa da kowa: a tona ƙasa da hannu, a ga inda danshi ya tsaya. Sai wata shekara aka yi ruwan farko mai ruɗi, kowa ya shuka, Baba ya ƙi, ya ce rabin inci ne. Shukar mutane ta ƙone, tasa da ya yi bayan sati biyu ta tsaya. Shekara ta gaba mutum goma suka jira shi. A shekara ta uku, wadda nake ba da labarinta, kusan duk ƙauyen kunnensa yana ƙofar zaurenmu. Kuma a dalilin haka ne mutane suka fara ba shi 'ya'yansu ya kai makaranta, abin da ya yi shekaru yana roƙo. Sarkin Noma da kansa ya ba da jikarsa Lami. Ni da ita Baba ke ɗauka a kekensa, ni a gaba, ita a baya, tana ta surutu ina shiru.

Ni ce mai riƙe littafin. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ba na iya magana gaban mutane. Idan baƙo ya gaishe ni sai in ji harshena ya yi nauyi. Amma rubutuna yana da tsabta, ina ja layi da rula, ba na goge-goge. Littafin yana da gida uku: rana, awo, da ƙarin bayani. A shekara biyu da na riƙe shi ba a taɓa samun gida ɗaya da na bari fanko ba, kuma jan fensirin Baba bai taɓa sauka a kansa ba. Wannan shi ne abin da nake taƙama da shi a duniya, a ɓoye.

A makon nan an kira malamai taro na kwana uku a Dutsin-Ma. Azumi ya wuce da kamar wata guda, zafi ya kai inda ko kaji ba sa yawo, sai su tona gindin randa su kwanta baki buɗe. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya watse. Da Baba zai hau keke ya ce, "Uwata, agogo da kwalba suna hannunki."

Ranar Talatar na je dubawa, na tarar zanzaro ya yi gini a wuyan mazurari, yanar gizo kuma ta cika cikin kwalbar. Na ce a raina, idan ruwa ya zo ya tarar da wannan, awo ba zai yi daidai ba. Na cire, na kawo cikin gida, na wanke da toka har tana ƙyalli. Baba ya taɓa gaya mini cewa jiƙaƙƙiyar kwalba ƙarya take ƙarawa, don haka na tsayar da ita, da mazurarin a kanta, bisa dutsen da Inna ke shanya kwanoni, a gindin soron Baba. Na ce in ta bushe in mayar kafin magariba. Sai na ɗauki wani littafin karatu da ya bar mini. Inna ta kira ni tuwo sau biyu kafin in ji.

Da asuba aradu ta tashe mu. Iska ta kwashe zana ɗaya, awaki suna kuka, Inna tana ta kwashe itace. Tsawar ta fi ruwan yawa, amma ni a cikin ɗaki ban san haka ba. Kafin gari ya waye sosai an ɗauke. Ƙarfe bakwai na ɗauki littafi da gilashi na nufi bayan gida, sai na ga gwangwani a kan turke babu komai a ciki. Na juya da gudu na koma cikin gida.

Dutsen shanya yana daidai ƙarƙashin indararon soro. Kwalbar ta cika har baki da ruwan rufi, jajaja da shi. Na san ba awo ba ne wannan. Na tsaya riƙe da ita, ina kallon gidan nan na littafi da ba a taɓa bari fanko ba. Da na rubuta "ban auna ba", kalma uku, da an gama. Abin da na yi shi ne na buɗe shafin bara, na ga ruwan farko inci ɗaya da kwata ne. Na ce ai tsawar bana ma ta fi ta bara. Na ja layi da rula, na rubuta inci ɗaya da kwata, da kyakkyawan rubutu. Na zubar da ruwan da sauri, na ruga na mayar da kwalbar kafin Inna ta fito.

Da hantsi Baba ya iso, wandonsa duk taɓo, domin a Dutsin-Ma ruwan ya zuba sosai, har rafi ya kawo. Kafin ya jingine keke mutane sun cika ƙofar zaure. Na kawo masa littafin na koma bayan zana na laɓe.

Sarkin Noma ya ce, "Saje, ni dai na tona. Yatsa huɗu, sai busasshiyar ƙasa. Wannan ruwan kurin banza ne, baki ya fi hannu."

Wani ya ce, "Kai ma shekaran bara ka tona, muka sha wuya."

Aka yi dariya. Sarkin Noma ya ce, "To, mu ji ta bakin Hajiya kwalba."

Na ji ƙarar buɗe shafi. Baba ya ce, "Inci ɗaya da kwata."

"Kai ka auna?"

"Ɗiyata ta auna."

"Yarinya, Saje?"

"Sarki, ni nakan yi kuskure a allo yara su gyara mani. Littafin ɗiyata ban taɓa samun kuskure a cikinshi ba. A yi shuka."

Tsakanina da shi zana ce kawai. Ina ganin duga-dugansa ta ƙasa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma muryoyin maza sun fi ashirin a wurin, kuma yanzun nan ya yabe ni a gabansu. Na rufe.

Kwana biyu aka yi ana shuka. Aka sauko da dammunan iri da aka rataye tun kaka, zangarniyoyin da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ko a tsakiyar yunwa ba a taɓawa. Mata suka sussuke. Maza suka shiga gaba da sungumi suna sara, mu muna biye da ƙoƙo a hannu, a jefa 'yan ƙwayoyi, a rufe da diddige. Aka yi gayya, daga wannan gona a faɗa waccan, ana waƙa ana tsokanar masu jinkiri. Lami tana gefena tana cewa bana idan an yi kaka kakanta zai saya mata jakar makaranta irin tawa. Ni kuwa duk ramin da na rufe ina jin yadda ƙasar ƙasan take da ɗumi a diddigena, kuma ina roƙon Allah ya kawo wani ruwan kafin kowa ya lura.

A rana ta uku da safe na fito duba kwalba na tarar Baba ya riga ni. Ya ɗaga ta sama yana kallonta ta hasken rana, ya daɗe. Sannan ya ɗauraye ta da ruwan butarsa, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Rubuta babu." Na rubuta. Ya ce, "Akwai ƙarin bayani, Uwata?"

Bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "To."

Sau ashirin da uku na rubuta "babu" a jere. Suna nan a shafin, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da tsabta. Gero ya tsiro, domin ɗan danshin ya ishe shi ya fito, bai ishe shi ya rayu ba. Sati na farko gonaki suka yi kore-kore, mutane suna murna. Sati na biyu tsiron ya fara naɗewa da rana kamar allura, ya buɗe da yamma. Daga nan ya daina buɗewa. Ƙasa ta yi zafin da sai mun riƙa gudu daga inuwa zuwa inuwa. Iska mai zafi takan taso da azahar ta binne abin da ya rage da rairayi. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, tsofaffi suna kuka a fili ba kunya. Hadari ya haɗu ya wuce ta kanmu ya tafi yamma.

Wata la'asar na kawo wa Baba ruwa a zaure, sai ga Sarkin Noma ya yi sallama. Bai zauna ba. Ya buɗe hannunsa ya zube busasshen tsiro a kan tabarma, kamar gashin masara.

"Ga amfanin gonarka, Saje. Na kawo maka zakka."

Baba ya dubi abin. Ya ce, "Uwata, ajiye ruwan ki shiga ciki." Na ajiye, rabinsa ya zube. Ban yi nisa ba.

"Na ce maka yatsa huɗu. Shekara sittin ina tona ƙasar nan. Ka sa yara sun yi mani dariya."

"Gaskiyarka, Sarki. Laifina ne. Ina da hannu biyu, ban tona ba."

"To ina kwalbar ta samo inci?"

"Ni na ce a shuka. Abin da aka ji daga bakina aka ji."

Tsohon ya kakkaɓe hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Lami ta gama boko. Uwarta na buƙatar hannu wajen ɗibar ganye." Kafin ƙarshen watan, yara bakwai daga ƙauyenmu sun daina zuwa.

Da ruwan gaskiya ya zo, ya zo kamar da bakin ƙwarya, inci biyu da ɗoriya, amma babu iri a gidaje da yawa. Baba ya buɗe rumbunmu ya raba abin da muke ci, mata suna zuwa da ƙoƙo suna karɓa ba sa haɗa ido da shi. Bai isa ba. Muna da rago da muka yi wata takwas muna kiwo don layya, ni ke ba shi dusa. Ya ja shi kasuwar Dutsin-Ma ya dawo da buhun gero a kan keke. Sati na gaba ya tafi da keken, ya dawo a ƙafa, bayan jakin wani Bafillace mai ɗauke da dawa da wake. Babbar Sallah ta zo ta wuce gidanmu ba hayaƙi. Inna kuwa, ranar ta share tsakar gida sau uku.

Daga nan sai yunwa ta zauna. Gonaki sun yi kore shar, rumbuna babu komai, wannan ita ce yunwar damina, kuma a shekarar ta yi tsawo domin shukar ta makara. Muka koma ci sau ɗaya. Inna takan dafa tafasa ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli idan akwai, idan babu gishiri kawai. Dusar da nake ba rago ita aka riƙa tankaɗewa ana dama kunu. Har yau ba na son jin warin tafasa a wuta. Da safe mutane sukan fita noma da hauya, su yi kunya biyu su zauna, su tashi su ƙara. Idan Inna ta miƙa wa Baba kwano sai ya ce ya ci wani abu a Kurfi. Na ga lokacin da ya huda sabon rami a ɗamarar sojansa da ƙusa, daga baya ya ƙara wani.

Yanzu a ƙafa muke zuwa makaranta, ni da shi kawai. Tabon ƙafarsa yakan kumbura da damina, ga hanya duk taɓo. Mukan wuce Lami a bakin hanya da ƙwarya a ka tana tsinkar yaɗiya. Takan ɗaga mini hannu ta ce, "Kun kai shafi na nawa?" In gaya mata. Ta ce, "Ki riƙe mani wurina."

A hanyar nan ne, wata safiya, ya ba ni labarin yaƙi guda ɗaya da na taɓa ji daga bakinsa. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "A Bama an taɓa aike ni in duba wani rafi, ko alfadarai za su iya ƙetarewa. Daji ya yi duhu, na ji motsi, tsoro ya kama ni. Ban kai bakin ruwan ba na juyo. Aka ce yaya, na ce lafiya lau. Ruwa ya tafi da alfadari biyu da abincin mutane, wani abokina ya karye a ƙugu." Muka yi 'yan taku. "Kwana biyu na yi kafin in je in faɗi. An hore ni. Amma kwana biyun nan, Uwata, sun fi mani dukan yaƙin nauyi."

Ya rage tafiya sosai, har muka kusa tsayawa. Wani tsuntsu yana ta kuka a kan kuka. Na ƙura wa yatsun ƙafata ido. Abin da na ce shi ne, "Baba, za mu makara." Ya ce, "Haka ne," ya ɗaga ƙafa.

An yi kaka a shekarar, rabin ta kullum. Ba wanda ya mutu da yunwa a ƙauyenmu, alhamdu lillahi, amma gida biyu sun tashi sun yi kudu ba su dawo ba. Sannu a hankali mutane suka koma gaishe da Baba, har Sarkin Noma ya koma tsokanarsa a kan wasu abubuwa. Kwalba ce dai ba a ƙara ambata ba, ko da wasa. Ya sake bin gida-gida yana roƙon yara, ya samu uku cikin bakwai. Lami ba ta cikinsu. Shekaru da yawa bayan haka, tana aure a Ɗantutture, takan zo mini da wasiƙar ɗanta a ƙulle a bakin zane ta ce, "Malama, karanta mani, ke da kika riƙe mana wuri." Tana dariya take faɗa. Ba ta san komai ba.

Baba bai daina awo ba, bai kuma karɓe littafin daga hannuna ba. Ya ƙara abu biyu kawai. Bayan an karanta gilashi, sai ya durƙusa da ƙafar nan tasa ya tona ƙasa da hannu. Kuma kowace shekara, ranar ruwan farko, in dai ina gida, yakan sallami ƙannena su koma ciki, mu rage mu biyu a gindin turke, in rubuta, ya ce, "Akwai ƙarin bayani, Uwata?" In ce babu. Na ɗauka ɗabi'ar malanta ce ta ƙaru masa da tsufa. Ko kuwa haka na zaɓi in ɗauka.

Na ci jarrabawa aka kai ni makarantar 'yan mata a Katsina, daga nan ta horon malamai. Ranar da zan tafi ya raka ni tashar mota a Kurfi yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗiyarsa ce, ba ta taɓa goge rubutu ba. Sau uku na rubuta masa wasiƙa na faɗi komai. Rubutu ba ya ba ni tsoro kamar magana. Amma duk sanda na kai ƙarshe sai in ga fuskarsa yana karantawa a zaure, in tuna ramukan ɗamarar nan, in yayyage.

Shekarar da aka fara yaƙin basasa ciwon ƙafar ya kwantar da shi. Na zo gida daidai farkon damina. Da ruwan farko ya sauka ya ce a fitar da shi, aka shimfiɗa masa tabarma a bakin soro. Na je na auna na dawo na durƙusa kusa da kunnensa mai ji.

"Inci ɗaya da rabi, Baba."

"Kin tona?"

"Na tona. Ya wuce wuyan hannu."

"Madalla. Rubuta." Na rubuta. Ya daɗe yana kallona, idanunsa sun faɗa ciki. "Akwai ƙarin bayani, Uwata?"

Shekaruna goma sha tara, ina shirin tsayawa gaban aji in koya wa 'ya'yan mutane. Na ce a raina ba shi da lafiya, kada in ɗora masa. Na ce idan ya samu sauƙi. Na ce, "Babu, Baba."

Ya lumshe ido ya ce, "To. Allah shi yi maki albarka." Bai ga kakar shekarar ba.

Littafin da ke kan cinyata yanzu, duk shafukansa na farko, waɗanda ya rubuta da kansa kafin ya ba ni, akwai jan fensir nan da can inda ya gyara wa kansa. Layin nan ɗaya yana nan yadda na bar shi, inci ɗaya da kwata, gidan ƙarin bayani fari fat.

Bayan sadakar arba'in ni da Inna muka zauna muna kwashe kayan akwatinsa: lambar yaƙi a cikin gwangwanin taba, ɗamara, guntayen jan fensir da yawa da ya ƙi zubarwa. Da littafin ya fito na buɗe shafin na ajiye a gabanta, ko da yake ba ta karatu. Na gaya mata komai, tun daga zanzaro har zuwa bayan zana. Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata zuwa ranar. Tana ta ninke rigarsa, ba ta tsaya ba.

Na ce, "Inna, ya tafi bai sani ba."

Ta ajiye rigar ta dube ni.

"Wa ya ce maki? Tun kwana na uku ya sani. Ya shigo ya ce mani ya ga jar laka kwance a gindin kwalba, kuma ruwan sama ba ya zuwa da laka, sai na indararo. Na ce bari in kira ta. Ya ce kul. Na ce to ka gyara littafin mana, kai da ba ka barin kuskure ya kwana. Ya ce wannan layin ba nashi ba ne, mai shi za ta zo ta gyara da hannunta, kuma ranar da ta zo ba ya so ta tarar an riga ta." Ta ɗauki rigar ta ci gaba da ninkewa. "Shekara tara yana korar yara daga gindin turken nan. Ke mi kike tsammani yake tambayarki?"